Shatin Tabarma a Ƙafar Luang Ta

A ƙauyen Don Sawang, idan ka bi lungun da ya ratsa ta bayan shagon Tongbai har ƙarshensa, inda tsamiya ta tare hanya, nan ne gidan Yai Buapan. Gidan katako ne irin namu na da, a tsaye kan dirkoki, a ƙarƙashinsa akwai gadon gora da tsohuwar masaƙa wadda yanzu gizo-gizo kaɗai ke saƙa a kanta. Gidajen da ke hagu da dama duk a kulle suke. Masu su suna Bangkok, wasu a wurin gini, wasu a tuƙin tasi. Ba a ganinsu sai bikin watsa ruwa na sabuwar shekara, su cika lungu da motoci da kiɗa, kafin ka gama gane ɗan wa ne ya yi gemu sun watse, sun bar maka kwalabe da shiru.

Kowa Yai yake ce mata, kakar kowa ce, amma ba ta da jika ko ɗaya a kusa. 'Yarta tilo, Lamduan, tana ɗinki a wata masana'anta a birni. Mijin Buapan kuwa, Ta Liam, wato kaka Liam, ya daɗe da rasuwa.

Shi Liam mutum ne da bai iya zama da yunwa ba. Yana da rai, idan abincin safe ya yi jinkiri ba ya ce mata komai, sai ya je ya tsaya gaban ɓaunarsa yana kai mata ƙara da ƙarfi yadda za a ji daga madafa. To mutum irin wannan, don ya mutu sai a bar shi haka? Shi ya sa tun da aka ƙone gawarsa, Buapan ba ta taɓa fashin shinkafar safe ba. Ta jiƙa ta tun yamma, gari na fara haske ta turara ta, ta cika ɗan kwandonta, ta sauko tsani, ta bi lungu har bakin babban titi. Can za ta tuɓe silifas, ta durƙusa, ta jira sufi, irin masu rawayar rigar nan da ke zagayen karɓar sadakar abinci, ya zo wucewa. Ta sa masa curi mai zafi a tasarsa, ya yi mata addu'a, ita kuma ta tsiyaye ruwa a gindin bishiya tana kiran sunan Liam, don ladan ya isa gare shi ya karya kumallo. Wannan shi ne aikinta a duniya. Sauran yinin, jira ne kawai na wata safiyar.

Sufaye biyu ne suka rage a gidan ibadar ƙauyen. Babban yana zagaya gabas. Titinsu Buapan kuwa na Saeng ne, Luang Ta kamar yadda muke kiran tsohon sufi, tsohon abokin Liam, wanda suka yi kamun kwaɗi tare tun suna samari. Sai da matarsa ta mutu ya aske kai ya ɗauki rawayar riga. Mace ba ta ɗaga ido ta kalli sufi a fuska, don haka shekaru da yawa abin da Buapan ta sani na Saeng ƙafafunsa ne: busassu, faso ya tsattsaga dunduniya, babban yatsan hagu a karkace tun ranar da garma ta faɗo masa.

Matsalar ita ce gwiwoyi. Macen da ta ƙare ƙuruciyarta a sunkuye tana dashen shinkafa cikin taɓo, gwiwa ba ta yafe mata. Akwai lokacin da saukowa tsani ma sai ta zauna ta bi shi da mazaunai kamar mai rarrafe. Tongbai ce ta cece ta.

Tongbai mai shago ƙanwa ce a shekaru, amma baki ya fi na kowa girma. A bayan ƙofar shagonta akwai 'yan ledoji a jere, kowace da ƙwayoyi biyar, ja da ruwan ɗorawa da kore da wata 'yar fara ƙarama. Wani mai babur ne ke kawo mata. Babu suna a jiki, babu takarda. Ƙullin ciwon jiki kawai ake ce masa, kuma duk wanda ya taɓa yankan rake ya san shi. Buapan ta haɗiyi ƙulli ɗaya wata yamma, da safe ta sauko tsani a tsaye kamar budurwa. Tun daga ranar, in ta dawo daga bakin titi sai ta zauna a bencin Tongbai, ta sayi na gobe, su taɓa hira. Ban da wayar Lamduan, wannan bencin ne kaɗai inda ake kiran sunanta a yi dariya.

"Ke tsohuwa, wa kike yi wa wannan kumatun?" in ji Tongbai wata rana, tana daka kwaɗon gwanda. "Kin yi fuska kamar wata daren sha huɗu. Ko dai akwai mai zuwa ne ba mu sani ba?"

"Akwai mana. Ƙadangaren da ke bayan kalanda. Kullum sai ya yi mini sallama."

"Ki riƙe shi da kyau, irinsu sun yi wuya."

Da Buapan ta lura Luang Ta ya fara ɗingishi, sai ta riƙa sayen ƙulli biyu. Ɗaya nata, ɗaya ta ɗora masa a kan murfin tasa bayan shinkafa. Ba wa sufi magani lada ne babba, kowa ya sani. Ta ce a ranta, Liam ma ya samu ɗan ƙari.

Bayan an gama girbi, ma'aikatan lafiya suka zo dandalin ƙauye suka ɗebi jinin duk wani tsoho. Buapan ta ba da hannu tana tsokanar yarinyar da ke riƙe da allura, ta manta da zancen. Ba a jima ba aka aiko cewa ana nemanta a asibitin gunduma.

Likitar, Orapin, siririya ce mai tabarau, ba ta kai Lamduan shekaru ba, amma yarenmu take yi, ba na birni ba, wannan ya sa hankalin tsohuwar ya ɗan kwanta.

"Yai, ƙoda kamar rariya ce guda biyu, ita ke tace jini," in ji ta. "Naki sun gaji. Abin da ya rage yana aiki bai kai kashi ɗaya cikin uku ba."

"To ai tsufa ne, Likita. Ni ma duka abin da ya rage nawa bai kai haka ba."

Likitar ta yi murmushi. "Shekaru suna cin rabonsu, gaskiya ne. Amma na duba gwajinki na bara waccan, saurin ya yi yawa. Akwai wani mai ci ban da shekaru. Abin da ya tafi ba zai dawo ba. Wanda ya rage, in mun gano mai cinsa, za mu iya tsare shi."

Daga nan aka shiga nema, kuma nema ne na gaske, don sai da Buapan ta yi ta hawa a-kori-kurar kasuwa tana komawa. Aka auna suga, ya ɗan ɗaga kai amma bai kai ciwo ba. Aka ɗiga mata magani a ido aka leƙa can ciki da fitila, wai idan suga ne ya ci ƙoda yakan bar sawunsa a ido. Babu. Hawan jini akwai ɗan kaɗan, likitar ta ce bai isa ya yi wannan ɓarnar shi kaɗai ba, wataƙila ma ƙodar ce ta jawo shi. Aka shafa mata wani abu mai sanyi a kwiɓi aka ɗauki hoton ciki, don a yankinmu tsakuwar ƙoda kamar gado ce, gida kaɗan ne ba a ciro wa wani ba. Babu tsakuwa, babu toshewa. Ƙodojin biyu dai sun motse daidai da juna. Aka karɓi fitsari a kwalba. Aka tambaye ta abin da ya kashe uwarta da ubanta da 'yan'uwanta, ta lissafa su duka har da wanda maciji ya sara.

"Daddawar kifi fa, Yai? Kina ci da yawa?"

"Likita, ke a gidanku da me aka yaye ki?"

Likitar ta yi dariya har ta cire tabarau. "A rage dai. Gishirinta ya yi yawa. Amma ba ita nake zargi ba."

Sai ta matso da kujerarta, ta sunkuya, ta danna babban yatsa a ƙaurin Buapan. Da ta ɗaga, wurin ya zauna a loɓe kamar an danna curin shinkafa, ya ƙi tasowa. Ta juya hannun tsohuwar, ta dubi tabon jini da ya kwanta ƙarƙashin fata nan da can. Ta daɗe tana kallon kumatun nan da Tongbai ke yabo.

"Yai, ƙullin ƙwayoyi na shago fa? Na ciwon jiki. Kina sha?"

Buapan ta dubi ƙasa. "A'a."

"Ko sau ɗaya?"

"Ni da ko allura ba na so."

"Ba faɗa zan yi ba," in ji likitar a hankali. "Kakata ma ta sha. Yawanci akwai masu kashe zafi a ciki, har iri biyu, su ne ke shaƙe jinin da ke zuwa ƙoda idan aka daɗe ana sha. Akwai kuma wata da ke kumbura fuska, ta sa mutum ya ji kamar ya warke. In ba shi ba ne, sai in tura ki babban asibiti a ci gaba da bincike. In kuma kin tuna wani abu, ki zo ko ba ranarki ba ce."

Buapan ta haɗa tafukan hannu ta yi godiya ta fito. A mota, tana matse tsakanin buhun taki da wata mata mai kaji, ta yi ta juya abin. Idan ta faɗa, za a hana ta ƙulli. Babu ƙulli, babu gwiwa. Babu gwiwa, wa zai kai shinkafa bakin titi? Sannan za a tambayi inda take saya, a je a kunyata Tongbai. Ta ce wa kanta, ai yarinyar nan ma hasashe take yi, ba ta ce tabbas ba.

Da yamma Lamduan ta kira. Ana jin ƙarar kekunan ɗinki a bayanta.

"Mae, me suka ce?" in ji ta, da irin kiran da muke yi wa uwa.

"Ba su ga komai ba."

"Yaya ba su ga komai ba? Na kira asibitin, sun ce in aka ci gaba a haka sai wankin ƙoda. Mae, in gwaji na gaba ya sake sauka, zuwa zan yi in ɗauke ki. Nan kusa da mu akwai inda ake wankin."

"In zo in zauna a saman bene kamar tsuntsu a keji? Ina zan tsiyaye wa ubanki ruwa? Ko ƙasa ba ku da ita."

"Akwai tukunyar fulawa a baranda."

"Ubanki ba zai sha ruwa a tukunyar fulawa ba."

"Mae, shi ya riga ya tafi. Ke nake da ita." Sai aka ji wani yana kiranta. "An kira ni. Ki ci abinci."

Wayar ta mutu. Buapan ta zauna a bakin tsani da kwanon shinkafar da za ta jiƙa. Rana tana faɗuwa bayan gonakin da suka zama kututture. Babu hayaƙi daga kowane gida a lungun sai nata. Yanzu ta gane hanya biyu ce, kuma duka wuri ɗaya suke zuwa: in ta faɗa, shinkafar Liam ta tsaya yanzu; in ta yi shiru, ta tsaya ranar da Lamduan ta zo da mota. Ta zaɓi ta baya, don ta fi nisa.

Washegari a benci ta ɗan gwada ruwa.

"Tongbai, wannan mai babur ɗin naki, a ina yake samo ƙwayoyin?"

"Na sani? Ni na haife shi?"

"Likita ta ce irinsu suna cin ƙoda."

Tongbai ta ajiye taɓarya. "Likita! Su da za ka yini a layi su ba ka farar ƙwaya ɗaya wadda ko ciwon kan sauro ba ta warkarwa. Rabin garin nan da ƙullina suke tashi. Ke kin faɗa mata kina sha?"

"Ban faɗa ba."

"Kin kyauta wa kanki. Nawa yau, biyu?"

"Biyu."

Haka aka ci gaba har sanyi ya fara ja da baya. Wata safiya Buapan ta durƙusa a bakin titi kamar kullum, kwando a gaba, ƙullin Luang Ta soke a ƙugun zaninta. Ta ji takunsa kafin ya iso, a hankali, yana jan ƙafa. Ya tsaya. Ta buɗe kwando, idonta a ƙasa, a kan ƙafafun da ta sani.

Ta daɗe tana ganin sun yi ɓul-ɓul, tana cewa a ranta Saeng ya samu lafiya a tsufansa, abincin gari ya karɓe shi. Amma yau rana ta faɗo a kansu daga gefe, sai ta ga wani abu. A gefen idon sawunsa akwai shatin tabarma, saƙar ta fito ɗaya bayan ɗaya kamar an buga hatimi. Tabarmar da ya zauna a kai ya yi addu'ar asuba ce. Daga gidan ibada zuwa nan tafiya ce mai tsawo ga tsoho, ya ratsa makaranta, ya ratsa injin casa, ya tsaya a ƙofofi da yawa, amma shatin yana nan, naman ya ƙi tasowa. Ta tuna yatsan likita a ƙaurinta.

Ta sa curin shinkafa a tasa. Ya rufe murfin ya jira, don ya saba.

"Yom Buapan," in ji shi, da irin kiran da sufaye ke yi mana, "yau babu ɗan ƙarin?"

Ba ta ɗaga kai ba. "Luang Ta, a gafarce ni. Fitsarinka yana kumfa?"

Wani kare ya ratsa titi.

"Tun da na ɗauki rigar nan," in ji tsohon, "an tambaye ni lambar caca, an tambaye ni ranar aure, an tambaye ni inda saniya ta ɓata. Yau kuma ga sabuwa. Da Liam na nan da ya faɗi ƙasa don dariya."

"Yana yi ko ba ya yi?"

"Yana yi."

"Abinci fa?"

"Ya daina daɗi. Karnukan gidan ibada ne ke cin rabin abin da kuke ba ni. Kada ki faɗa wa kowa." Muryarsa ta sauka. "Mene ne, Yom?"

"Ni na ba ka shi da hannuna," in ji ta. "Ina neman lada."

Bai gane ba, ita kuma ba ta iya ƙarawa ba. Ya yi mata addu'a ya wuce yana jan ƙafa. Ta rarrafa gindin bishiya ta tsiyaye ruwa, a hankali, har ɗigon ƙarshe.

"Liam," ta ce, "ka ci da yawa yau. Ban san gobe ba."

Ba ta tsaya a benci ba. Tongbai ta ƙwala mata kira, ta ɗaga hannu kawai. Ta hau gida ta kwaso sauran ƙullin da ke cikin gwangwanin madara, ta tsaya a titi har a-kori-kura ta zo.

Ba ranarta ba ce, don haka ta jira har layi ya ƙare. Da ta shiga, ba ta ko zauna ba, ta kwance bakin zani ta zube ledojin a kan tebur.

"Na tuna," in ji ta.

Likita Orapin ba ta ce ai na faɗa ba. Ta jawo mata kujera, ta farke leda ɗaya, ta riƙa ware ƙwayoyin da bakin biro.

"Tun yaushe, Yai?"

"Tun shekarar da ruwa ya ci gadar makaranta."

"Kullum?"

"Kullum. Ranar biki biyu."

"Wannan da wannan, masu kashe zafi ne. Wannan 'yar farar ita ce mai kumatu. Sauran biyun sai an kai an duba." Ta ɗago. "Ba zan rantse miki cewa su kaɗai ne ba. Tsufa yana ciki, gishiri yana ciki, ranar da kika sha a gona ba ruwa ma tana ciki. Amma na duba ko'ina ban samu ɓarawo ba sai wannan, kuma shi kaɗai ne za mu iya kora yau. Masu kashe zafin, an gama da su. Farar kuwa ba a yanke ta lokaci ɗaya, jiki ya saba, ni zan riƙa rage miki ita da kaɗan-kaɗan. Zan ba ki abin da ƙoda za ta iya ɗauka saboda gwiwa, a kuma koya miki motsa ta. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ba zai kai wannan ƙarfi ba."

"Na sani. Likita, ba don kaina na zo ba. Akwai wani tsohon sufi a garinmu." Ta ba ta labarin murfin tasa da shatin tabarma. Tana faɗa, hawaye na bin kumatun.

"Gobe za a je a ɗauko shi," in ji likitar. Ta miƙa mata takardar share fuska. "A ina kike saya?"

Buapan ta shiga goge fuska da takardar.

"Shi ke nan, ba sai kin faɗa ba. Shago nawa ne a ƙauyenku?"

"Ɗaya," in ji Buapan, kafin ta kama bakinta.

Ba a kama Tongbai ba, ba a ci ta tara ba. Mata biyu masu farar riga ne suka zo suka kwashe ledojin da ke bayan ƙofa, suka yi mata magana a hankali, suka liƙa hoton ƙoda a bangon shago. Amma a gaban mutane aka yi. Da Buapan ta zo wucewa, tana dogara sanda, Tongbai ta juya baya tana gyara kwalaben da ba su karkace ba.

"Tongbai."

"Babu ƙulli. Ki je wurin 'yarki mai tabarau."

"Ba ƙulli na zo nema ba."

"To benci ya karye."

Bencin yana nan lafiyarsa ƙalau, kyanwa na barci a kai.

Aka kwantar da Luang Ta a babban asibitin lardi, don nasa ya fi nata nisa. Babban sufi ya haɗa zagayen gari duka shi kaɗai, ba ya barin babban titi. Su kuma gwiwoyin Buapan suka dawo da duk bashin da suke bi. Kumatu suka zube, abinci ya fita ranta, jiki ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Ta bar hawa sama gaba ɗaya, ta sauko da gidan sauronta da murhu ƙarƙashin gida, kusa da masaƙa. Ta gwada zuwa titi da sanda, ta kai rabin lungu, ta zauna a kan wani kututture, daga nan ta hango rawayar riga ta gifta can bakin titi ta wuce. Ba ta da muryar da za ta kai, kuma ba a ƙwala wa sufi kira.

Duk da haka ba ta daina turara shinkafa ba. Hannu ya saba. Ta cika kwando, ta ajiye shi a gefenta a kan gadon gora, ta zauna tana kallon lungu har rana ta yi zafi, shinkafar ta huce. Wani lokaci takan ce, "Ka yi haƙuri, tsoho. Je ka faɗa wa ɓauna." Sai ta ci ɗan kaɗan, ta watsa wa kaji saura.

Gwaji na gaba, motar asibiti ce ta zo ta ɗauke ta. Likita ta dubi takarda ta dube ta.

"Bai hau ba, Yai. Amma bai sauka ba. Karo na farko ke nan da ya tsaya wuri ɗaya."

Lamduan ta yi kuka a waya, ta ce to a bar maganar birni tukuna, a ga abin da damina za ta yi. Buapan ta ce to. Ta samu gidanta. Sai dai gidan, ba tare da safiyarsa ba, katako ne kawai a kan dirkoki.

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, kwaɗi suka fara. Wata safiya tana zaune da kwandonta, sai ta ji wani sauti a lungu wanda ba na kaza ba ne, ba na kare ba. Ƙwas, shiru, ƙwas. Sanda ce. Ta leƙa. Rawayar riga ce ke tahowa tsakanin rufaffun gidajen, a hankali ƙwarai, tana tsayawa tana hutawa.

Ta yi ƙoƙarin sauka ta durƙusa, gwiwa ta ƙi.

"Zauna inda kike, Yom," in ji Luang Ta Saeng yana haki. "In kika durƙusa babu mai ɗaga ki, ni kuma an hana ni taɓa mace."

Ta zauna a bakin gado ta tuɓe silifas, ta sunkuyar da kai. Ƙafafun sun saɓe, sun koma busassu, faso ya dawo, ga karkataccen yatsan nan.

"An sallame ka."

"Sun gaji da ni. Babu gishiri, babu daddawar kifi, ruwa ma da awo. Na ce musu ai wannan ya fi dokokin sufanci tsanani." Ya buɗe tasa. "Wannan lungun naki ya ƙara tsawo. Ba kullum zan iya ba. Ranar da ƙafa ta yarda dai."

"Luang Ta, ni ce na..."

"Shinkafar tana hucewa. Kin san halin mutumin."

Ta buɗe kwando. Tururi ya tashi. Ta ɗebo curi, ta ƙara wani, ta ƙara wani, har sai da ya ce, "Ya isa, ni zan ɗauka fa, ba shi ba." Ya rufe murfi, babu komai a kansa. Ya yi addu'ar a tsaye, dogare da sanda, sannan ya juya.

Buapan ta jawo butarta. Tsamiya ta yi mata nisa, don haka ta tsiyaye ruwan nan gindin tsani, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta kira sunan Liam. Ta zauna tana jin ƙarar sandar tana nisa, ta wuce gidan farko, ta wuce na biyu. Can bakin lungu ta ji an ɗaga ƙofar shago, ta ji muryar Tongbai tana gaishe da sufi. Ta kasa kunne ko muryar za ta juyo ta wannan gefen. Ba ta juyo ba.

Ta rufe kwando. Da la'asar ta auno shinkafa ta jiƙa, ko ƙafar za ta yarda gobe.